Injin girbi yana shaƙewa a shinkafa, tsaba kuma tana bin tattaka: daga ina matsalar take?

Mai Inji, Hotoro:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen masana, kuma abin na gaggawa ne. Injin girbina, irin ƙananan nan masu ƙafar roba da suke yanka su casa su shiƙe, yana aiki a wajen Kura yanzu haka. Da ya shiga shinkafa mai kauri sai a ji ganga, wato ƙarfen nan mai haƙora da ke juyawa yana casa a cikin injin, ta yi gurnani, ƙarfin injin ya faɗi kamar zai mutu, bel ya fara warin ƙuna. Dole sai an tsaya an buɗe an zaro tattaka. Abin da ya fi tayar mini da hankali, masu gona sun fara ƙorafin suna ganin tsaba a cikin tattakar da yake watsowa ta baya. Wani mai walda ya ce haƙoran ganga ne suka cinye, in kwance in kawo masa ya ƙara musu tsawo. Na ce bari in ji ta bakinku tukuna.

Makanikin Ƙofar Ruwa:
Wa alaikumus salam. Alhaji, don Allah kada ka bari wutar walda ta taɓa gangar nan. Zan dawo kan dalili. Yanzu amsa mini abu uku. Da ƙarfe nawa yaranka suke shiga gona? Gurnanin nan, a jere yake ko zuwa yake yana ɗaukewa? Sannan tsabar da ake gani a baya, tana manne a jikin zangarniya ne, ko sakakkiya ce ta cakuɗe da tattaka?

Ɗan Sabon Gari:
Bel ne kawai. A sayi sabo a saka, magana ta ƙare. Ni ma nawa ya taɓa yin haka.

Mai Inji, Hotoro:
Oga, na kira direban. Ya ce suna farawa da an idar da sallar asuba gari ya ɗan waye, saboda layin masu jira yana da tsawo. Gurnanin kuma zuwa yake: ya yi shiru, can sai ka ji "guf", ya sake shiru. Tsaba ya ce akwai ta zangarniya, akwai sakakkiya, amma sakakkiyar ta fi yawa.

Makanikin Ƙofar Ruwa:
To Alhamdu lillahi, ka riga ka ba da rabin amsa. Wannan "guf" ɗin da ake ji, dunƙulen kara ne yake faɗa wa ganga lokaci guda. Ganga ba ta son a ba ta abinci dunƙule-dunƙule, so take ya riƙa shigowa a shimfiɗe, siriri, ba yankewa. Kamar mutum ne kana tura masa loma kan loma bai haɗiye ta farko ba. Idan dunƙule ya shiga, gudun ganga ya ragu, bel ya zame a kan fuli ya yi zafi, shi ne warin da kuke ji. A wannan ɗan lokacin da gudunta ya ragu ba ta casa da kyau ba, kuma tattaka ta yi kauri har tsabar da ta riga ta fita ba ta samu hanyar faɗawa ta ragar ƙasa ba, sai ta bi tattaka ta fice.

Ɗan uwana na Sabon Gari, ba ƙarya ka yi ba, bel ɗin ya riga ya lalace, za a canza shi. Amma in an saka sabo ba a gyara abin da ke ƙona shi ba, shi ma zai bi ɗan uwansa. Ruwa ba ya tsami banza.

Ni da ni ne, daga gaba zan faro. A kashe inji, a zare makulli, a sa ƙarfen tokare a jikin silindar da ke ɗaga kan injin, sannan a buɗe murfin maƙogwaro, wato hanyar da kara ke bi daga kan injin zuwa ciki, a dubi sarƙar da ke jan kara zuwa ganga. A ɗaga ta da hannu ɓangaren dama, a ɗaga ɓangaren hagu. In wani gefe ya fi wani sako-sako, sandunan da ke jikinta za su riƙa tafiya a karkace, suna kama kara suna sakewa. A duba ko akwai sandar da ta lanƙwashe ko ta fita gaba ɗaya. A shafa haƙoran siroket, wato faifan da ke jan sarƙar, in sun yi tsini sun kwanta gefe guda, sun gama aiki. Daga nan a dawo kan babban bututun nan mai murɗaɗɗen ƙarfe da ke tattaro kara zuwa tsakiya. In ya yi nisa da farantin ƙasa, kara zai taru a gabansa ya yi tudu, sai ya cika sannan ya kwasa gaba ɗaya. Yatsun tsakiyarsa kuma, masu fitowa su koma, a ƙirga su. Duk wanda ya karye, gurbinsa wuri ne da kara ke tsayawa.

Direban Kura:
Salam. Ni direba ne, ba na Alhaji ba, amma aikin ɗaya ne. Kafin a ɗora mana laifi gara in faɗa. Shinkafar bana a wurare da dama ta kwanta, an zuba mata taki da yawa iska ta kayar da ita. In ka ɗaga wuƙa ka bar rabi a ƙasa, mai gona ya yi ta faɗa. In ka sauke, ka kwashi laka da ciyawa. Kuma fangalin wasu gonakin ƙanana ne, kafin ka daidaita gudu ka iso kunya, ka juya. Ba kowane shaƙewa ne daga sauri ba.

Hajiya Manomiya, Gwale:
Sannunku da ƙoƙari. Ni ba ni da inji, haya nake ɗaukowa, gonata tana Garun Malam. Ɗana direba, na ji uzurinka, amma bari in faɗa maka abin da idona ya gani. Inji ya wuce, na sunkuya na ɗebi tattaka tafi biyu na karkaɗe a kan mayafina, tsaba ta zubo har da ƙara. Mata masu kala suna biye da injin, kafin la'asar kowace ta ɗaure ƙullinta. Ba na baƙin ciki da rabonsu, Allah ya sani, amma wannan ya wuce kala. Na sayi iri, na sayi taki, na biya kuɗin ruwa, na biya masu dashe da masu korar tsuntsu, sannan ranar ƙarshe a watsar mini da shi a ƙasa? Da na yi magana aka ce haka inji yake. Ashe ba haka yake ba.

Injiniyan Gona, BUK Road:
Hajiya, ba haka yake ba, kuma gwajin da kika yi da mayafi shi ne daidai abin da ake koyarwa. Sai dai a ƙara rarrabewa, domin asara iri uku ce kuma kowace da maganinta. Akwai wadda ke zubewa tun a gaba kafin ta shiga inji. Ita za a gane ta in an tsayar da inji, an ja da baya kaɗan, an dubi ƙasan da kan injin ya wuce amma tattaka ba ta sauka a kai ba tukuna. In akwai tsaba a wurin, ril ɗin gaba, wato abin nan mai juyawa a saman wuƙa, shi ne yake dukan zangarniya da ƙarfi, ko wuƙaƙe sun dakushe suna girgiza kara maimakon su yanke. Ril ana son ya ɗan fi tafiyar inji sauri kaɗan, kamar da kashi ɗaya cikin huɗu, ya kwanto da kara a hankali. Akwai wadda ta fita manne da zangarniya, wannan casa ce ba ta yi ba. Akwai sakakkiya a cikin tattaka ko ƙaiƙayi, wannan ko dai raga ta toshe, ko an cika wa inji ciki, ko iskar fanka ta yi yawa tana hure tsaba.

Batun asuba kuwa, Alhaji, a nan nake ganin babbar matsala. Shinkafa ana son a girbe ta danshin tsabarta yana tsakanin kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari. Amma raɓar safe a kan ganye da kara take, tana sa su manne wa ƙarfe, su nannaɗe ganga, su like ramukan raga tare da ƙura. A bari rana ta ɗaga, mutum ya ratsa gona ƙafar wandonsa ba ta jiƙe ba, sannan a shiga. In kuma aka yi sakaci ta bushe ƙayau a tsaye, wata matsalar ce: ta zube tun a gaba, wadda ta shiga kuma ta tsattsage, in an kai wa masu injin gyara a Kura ta fito rabi gutsattsari, farashi ya faɗi.

Direban Kura:
Injiniya, maganarka gaskiya ce a takarda. Amma da eka ake biyanmu. In na jira hantsi, wani injin ya riga ni gonar gaba. Mai inji kuma da daddare lissafin eka zai tambaye ni, ba zai tambayi raɓa ba.

Mai Inji, Hotoro:
Wannan maganar ta shafe ni, zan dawo kanta. Yanzu na tura makanikin da ke tare da su ya buɗe maƙogwaro kamar yadda Oga ya ce.

Baba Tsohon Makaniki, Kurna:
Assalamu alaikum. Jikana ne ya karanto mini maganganunku, na ce ya rubuta mini nawa. Na yi aikin manyan injinan girbi a Kadawa lokacin da gwamnati ta hana shigo da alkama a 1987, aka ce kowa ya noma tasa, ruwan Tiga yana gudu a magudanai. Abin da nake so yaran yanzu su gane, waɗancan injina da naku ba ɗaya ba ne a ciki. Namu gangar a gicciye take, kara ya wuce ƙarƙashinta sau ɗaya, a goge shi tsakaninta da raga, sannan ya hau matattakalar da ke girgiza shi a baya. Shi ya sa duk hankalinmu yana kan tazarar ganga da raga: baki a buɗe, baya a matse, hagu da dama daidai wa daida. Naku ƙananan na shinkafa gangar a tsawon inji take kwance, mai haƙora, kara yana zagaya ta sau da yawa yana tafiya har ya fita ta ƙarshe.

To abin da ke tafiyar da karan nan, wasu ƙarafa ne a karkace a cikin murfin ganga ta sama. Yawancin injinan suna da hannu ko noti na karkata su. In ka buɗe su, tattaka ta yi saurin fita, inji ya samu sauƙi, amma tsaba na iya binta. In ka rufe, tattaka ta daɗe a ciki, casa ta yi kyau, amma nauyi ya ƙaru a kan ganga, in kara ɗanye ne ta shaƙe. Na sha ganin direba bai ma san da su ba, tun ranar da aka sauke inji daga mota suna inda suke. Wani kuma sun cinye sun zama sumul, ba sa tura komai.

Kuma ɗana mai inji, ka ce ana zaro tattaka da hannu. Ina roƙonka don girman Allah ka kafa doka. Na ga yaro matashi ya zura hannu a maƙogwaro, inji yana kunne an dai cire giya, wani ya taɓa liba bai sani ba. Yatsunsa ba su dawo ba. A kashe, makulli ya shiga aljihun wanda zai zura hannun, a jira ganga ta tsaya cak, domin tana da nauyi, takan ci gaba da juyawa bayan an kashe. In injinku yana da abin juya maƙogwaro baya, a fara da shi.

Makanikin Ƙofar Ruwa:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Wallahi batun ƙarafan murfin nan ko a cikin makanikai ba kowa ke dubawa ba.

Ɗan Sabon Gari:
To ni tambayata, in haƙoran sun cinye da gaske fa? Walda ba ta fi sauƙi ba? Kaya sun yi tsada.

Makanikin Ƙofar Ruwa:
Na yi alkawarin dawowa kan wannan. Haƙora suna cinyewa, babu musu. Ɓawon shinkafa da kararta suna da kaifi, akwai sinadarin yashi a jikinsu, shi ya sa shinkafa ta fi alkama cin ƙarfe nesa ba kusa ba. Amma ganga abu ce mai juyawa ɗaruruwan zagaye a minti ɗaya. Mai walda zai ɗiga wa wannan haƙori da yawa, wancan kaɗan, ba sikeli. Da an tayar sai ta fara rawa. Rawar nan ita ke kashe boris, ta tsaga mazauninsa, ta kwance notina, wani lokaci ta lanƙwasa shaf. Kuɗin da ka gudu a haƙora ka biya ninkinsa. Ga kuma walda tana barin kaifi da ƙuraje masu fasa tsaba da riƙe tattaka.

In haƙoran na noti ne, a sayi sababbi. In kuɗi bai kai a canza duka ba, a canza layi da layin da ke fuskantarsa ta ɗaya gefen, don nauyi ya daidaita. Na bakin ganga, inda kara ke fara shiga, su suka fi saurin ci, da su ake farawa. In kuma irin sandar da haƙoran ke like a jikinta ce, wasu ana iya juya ta a yi amfani da ɗaya fuskar, a duba littafin injin. Bayan an ɗaure, a cire bel a juya ganga da hannu a sake ta sau da dama. In kullum wuri ɗaya ne ke komawa ƙasa, wannan gefen ya fi nauyi, ba a gama aiki ba.

Mai Inji, Hotoro:
Ga rahoto. An buɗe. Sarƙar gefen hagu ta saki sosai har tana gogar ƙasa, sanduna biyu sun lanƙwashe, a bayan ɗaya an samu guntun dutse ya maƙale. Yatsu uku sun karye a bututun gaba, kuma gefensa ɗaya ya fi ɗaya tashi. Ragar ƙasan ganga kuwa, yaron ya turo mini hoto, kusan rabinta laka ce da ganye sun bushe sun zama kamar daɓe, sai da aka sa ƙarfe da burushin waya. Bel ya yi sheƙi gefe da gefe. Haƙora sun ɗan ci amma ba su kai yadda mai walda ya faɗa ba. Gobe da safe zan shiga Ƙofar Ruwa neman yatsu da sanduna da bel.

Injiniyan Gona, BUK Road:
Madalla. Wannan lakar ta raga ita ce ta dawo da mu kan maganar direba, kuma yana da gaskiya a wani ɓangare. Shinkafar da ta kwanta sai an sauke wuƙa. Amma akwai dabara: a tura ril gaba a sauke shi ƙasa, yatsunsa su ɗago kara kafin wuƙa ta iso, maimakon a nutsa kan inji cikin ƙasa. A bi ta yadda ta kwanta ko a ratsa ta ta gefe, kada a tunkare ta gaba da gaba, zangarniya za ta riga wuƙa faɗuwa. A rage gudu, in ta yi kauri a ɗauki rabin faɗin wuƙa. Su ma manoma da nasu: a janye ruwa daga gona kwana goma zuwa mako biyu kafin girbi. Irin Faro 44 da aka fi shukawa a yankin ba dogo ba ne, in ba a cika masa yuriya ba ba kasafai yake kwanciya ba.

Abu ɗaya da ban ji an ambata ba: a tayar da ganga ta kai cikakken gudunta kafin a shiga kara, kuma totur ya zauna inda kamfani ya ce. Direbobi da yawa suna rage totur don tsimin man gas, ba su san gudun ganga da fanka da rariya duk a jikinsa suke ba. In ana son a rage sauri, a rage ta giyar tafiya. Haka in an zo ƙarshen layi, a bar shi yana juyawa ya fitar da abin da ke cikinsa kafin a kashe.

Hajiya Manomiya, Gwale:
Batun janye ruwa na karɓa, wannan namu ne. Amma Alhaji, ka ce za ka dawo kan maganar eka.

Mai Inji, Hotoro:
Hajiya, ga ta. Na yi magana da direbana. Daga yanzu ba shiga gona sai raɓa ta ɗauke, kuma awannin safen nan ba zama za a yi ba, na shara ne da giris da duba sarƙa da raga. Zan ba shi kuɗin yini tsayayye, na eka ya zama ƙari a kai, don kada jira ya zame masa asara. Duk gonar da aka shiga, bayan layin farko a tsaya, a kira mai gona ya karkaɗe tattaka da hannunsa. In bai gamsu ba a gyara saiti kafin a ci gaba.

Direban Kura:
In haka ne ba direban da zai ƙi. Mu ma ba ma jin daɗin kwanciya ƙarƙashin inji da tsakar rana muna fama da ƙaiƙayi a wuya. Allah ya sa sauran masu inji su gani.

Ɗan Sabon Gari:
Ni dai har yanzu ina ganin eka za ta ragu a yini.

Makanikin Ƙofar Ruwa:
Ɗan uwa, lissafa lokacin da ake ɓatawa duk shaƙewa ɗaya, a buɗe, a zaro, a rufe, ga bel da ake ƙonawa. Mai tafiya a hankali ba tsayawa yakan riga mai gudu yana tsayawa kammala gona.

Alhaji, in za ka zo gobe ka taho da tsohon bel ɗin da yatsa ɗaya da sanda ɗaya a hannu, a gwada da ido, kada a sayar maka da mai kama da shi. Lambar bel tana jikinsa in ba ta goge ba. In bel biyu ko uku ne a jere kan fuli ɗaya, duka ake canzawa tare, sabo da tsoho ba sa ja daidai. Ka ce wa yaron ya goge ramin fuli, in ya ga bel yana zama har ƙasan ramin to fulin ma ya ci. Wajen ɗaure sarƙa kada ya yi mata tamau, boris ɗin maƙogwaro zai kashe. Ya ja notin hagu da na dama zagaye daidai, sanduna su riƙa kusantar ƙasa a tsakiya ba tare da sun goga ba. Bututun gaba kuma ya saita tazararsa iri ɗaya gefe da gefe, yadda littafin ya nuna, ya juya shi da hannu ya ji ba inda yake taɓawa.

Baba Tsohon Makaniki, Kurna:
Ka ƙara masa da wannan, ɗana. Bayan sun yi aiki kamar awa ɗaya, a kashe a taɓa mazaunin kowane boris da bayan hannu. Wanda ya fi 'yan uwansa zafi, a cire tattakar da ta nannaɗe shi a ba shi giris, in bai huce ba a canza shi ranar, domin daga nan gobara ke tashi a gonar da ta bushe. Sabon bel kuma yana miƙewa a yinin farko, da yamma a sake duba ɗaurinsa.

Mai Inji, Hotoro:
Na gode Baba, na gode Oga, na tura wa yaran duka. Oga, zan kira ka in na shigo kasuwa, da misalin ƙarfe tara in sha Allahu.